Rabin Duron Dogo

Litinin, 1 ga Satumba

Kafaɗar dama ta sake tayar da rigimarta. Tun safe muke hawa da gilasan tagogi a sabon benen nan da ba a gama ba, matakala ga ƙunci ga kwana. Kamar kullum, abokin aikina Dogo a ƙasa, ni a sama ina tafiya da baya. Haka aikin gilashi ya gada: dogon mutum ne ke tsayawa a ƙasa don gilashin ya zauna daidai, kuma duk abin da ya kuɓuce wa na sama, a kansa zai sauka. Shi ya sa ba ma ɗagawa sai ya ce, "Gajere, ka riƙe?" ni kuma in ce, "Na riƙe." Tun muna da baƙin gashi muke wannan tambaya da amsa.

A kwanar hawa na biyu gilashi ya zame. Kaɗan dai. Dogo ya tare shi da ƙirji, na ji ya yi wani nishi. Na ce masa safar hannuna ce ta yi santsi. Ya dubi safar, ya dube ni, ya ce mu ƙarasa.

Na dawo na tarar Maman Auta ta ɗora ruwa. Allah ya yi mata albarka, daga takuna a ƙofa take gane irin ranar da na yi. Na zuba gishirin wanka a duro, na dama har ya narke, na shiga. Wanda bai taɓa yini yana dakon gilashi ba, ba zai gane daɗin nan ba. Da farko duk ƙananan yankan da ke hannu sai su ɗau raɗaɗi, in ka daure kaɗan sai ka ji tsokar baya tana saki kamar ana kwance ƙulli. Na fito sakayau, kafaɗa ta yi shiru.

Yatsu biyun nan na hannun dama ne dai, ƙarami da na kusa da shi. Ruwan da ya gasa min baya, su ko ɗuminsa ba su ji ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Manaja ya kira mu ofis. An ba kamfani aikin gaban wani sabon otal, manyan gilasai, kowanne ya kai ƙofar gareji, kuma wasu sai an bi da su ta matakala. Ya ce, "Ku biyu ne. Ba ni da wasu da zan ba wannan in yi barci." Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba. Dogo kuwa sai kallon takalminsa yake yi.

Asabar, 6 ga Satumba

Ranar duro. Dogo ya zo da tawul a kafaɗa, yana ƙorafin cewa ruwana kullum ya fi nasa zafi. Ƙarya yake, tukunya ɗaya ce.

Shi ya kawo duron nan shekarun baya, lokacin da bayanmu ya fara ba mu labarin tsufa. Wata mai kantin magani ce ta ce mu gwada jiƙa jiki a ruwan ɗumi da gishirin wanka, ba na girki ba, wani mai ɗaci da ake saidawa a leda. Ta ce kada ruwan ya yi zafi sosai, kada mu daɗe har jiri ya kama mu, mu sha ruwa in mun fito, kuma ranar da aka yi babban yanka a haƙura da shiga. Dogo ya raba duron biyu ta tsawo, ni na bi bakin da robar taga don kada ya yanke mu. Muka jera su a bayan gidana, ƙarƙashin matakalar kicin. Rabi nawa, rabi nasa. Nasa kullum gwiwoyi a waje, kamar an saka raƙumi a kwano.

Muna da doka. Abin da aka faɗa a cikin duro, da ruwan ake zubar da shi. A nan ya gaya min lokacin da aurensa ya kusa mutuwa. A nan na yi kukan babban ɗana da ya rasu, ba a gaban uwarsa ba. Ko Maman Auta, in ta ajiye mana ruwan sha, komawa take ta ja ƙofa.

To yau na gaya masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Na ce ba safa ba ce ranar Litinin. Yatsun nan sun fara mutuwa tun watannin baya, wani lokaci hannun yakan saki da kansa ban sani ba.

Can ya ce, "Ka gaya wa Manaja kafin aikin otal."

Na ce a'a, bayan otal. Gishiri zai gyara, ai shi ya gyara bayan.

"Baya daban, wannan daban."

Na ce yaushe ya zama likita? Muka yi dariya, ko in ce na yi dariya. Da zai tafi shi ya jirkice duronsa da kansa kamar kullum, ruwan ya bi kwata. Na ga maganar ta tafi tare da shi, hankalina ya kwanta.

Talata, 9 ga Satumba

Manaja ya tare ni a bakin sito kafin in sa rigar aiki. Ya ce daga yau ina teburin yanka, awo da tsagawa, ba hawa ba ɗauka. Wai don lafiyata. Na ce lafiyata lau. Ya ce, "Miƙo hannun dama." Ban miƙa ba. Ya ce, "Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ko ba haka ba?"

Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan.

Na juya, Dogo yana can yana ɗaure gilashi a bayan mota. Ya ƙi ɗagowa. Igiyar da ya riga ya ɗaure yake ta sake ɗaurewa.

Laraba, 10 ga Satumba

Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Dogo. Dogo fa.

Asabar, 13 ga Satumba

Wallahi mutumin nan ba shi da kunya. Da yamma sai ga shi a ƙofa da tawul a kafaɗa, kamar ba abin da ya faru. Ban bar shi ya shigo ba, a bakin ƙofa muka tsaya.

Ban tuna duk abin da na faɗa ba, na faɗi da yawa. Na ce ya ci amana. Na ce na tuɓe a gabansa, jiki da zuciya, shi kuma ya kwashe ya kai kasuwa. Na tambaye shi ko maganar aurensa ta taɓa fita daga bakina.

Abin da na tuna daga nasa kaɗan ne. "Na ce ka faɗa da kanka, ka ƙi." Sai kuma, "Gajere, ni ne a ƙasa." Na ce in tsoro yake ji ai sai ya gaya min ni, mu yi ta mu biyu. Ya ce, "Na gaya maka, ka yi dariya."

Na rufe ƙofa. Na zagaya baya na kife rabin duronsa, na ɗora masa bulo. Na shiga nawa ni kaɗai. Ruwan ya yi aikinsa, shi ba ruwansa da wanda ya ci amanar wa, baya ya saki, wuya ya saki. Ƙirji ne ya ƙi saki. Maman Auta ta ajiye kofi biyu na ruwan sha, ta tuna, ta dawo ta ɗauke ɗaya.

Litinin, 15 ga Satumba

Teburin yanka. Ka ja tef, ka ja layi, ka tsaga, ka share ɓaraguzai. Aikin da na bari tun kafin a haifi Auta. In mota za ta fita kowa sai ya bi ta gabana yana "sannu da aiki, Baba." Da Gajere nake, yanzu na zama Baba. Saura su kawo min tabarma.

An haɗa Dogo da wani sabo, ƙato, daga wani kamfani aka ɗauko shi. Ƙarfi kamar ya ɗaga motar. Na ji Dogo yana koya masa tambayarmu. Tambayarmu! Na tsaga gilashi a karkace saboda haka, na jefa shi cikin shara kafin a gani.

Alhamis, 18 ga Satumba

Kullum yanzu nake shiga duro, ba sai Asabar ko ranar da gajiya ta yi yawa ba. Na ƙara gishiri. Zan nuna musu. Gaskiyar magana, ban taɓa jin jikina haka ba: kafaɗa ta daina kuka, ƙafafu sun daina kumburin tsayuwa, kantar tafin hannu ta yi laushi, barci kuwa sai an tashe ni. Maman Auta ta ce har minsharina ya canja murya.

A cikin ruwan nakan matsa yatsun, in mintsine su, in lanƙwasa. Jiya kamar na ji wani abu. Yau ban ji ba. Mai yiwuwa ruwan bai yi zafi yadda ya kamata ba.

Asabar, 20 ga Satumba

Da ɗan gari akan ci gari. Na lura ledar gishiri tana ramewa fiye da yadda nake ɗiba. Na sa ido. Yau da rana sai ga Maman Auta tana ƙulla wani a tsumma, za ta kai wa matar Dogo.

Na ce, "Gishirina?"

Ta ce, "Gishirin gidan nan. Bayansa ya riƙe, da ƙyar yake sunkuyawa ya sa takalmi. A baho yake jiƙa tawul matarsa tana gasa masa, tunda an kife masa duro."

Na ce to sabon abokinsa ya saya masa mana. Na ce ashe cin amanar har cikin ɗakina ya shigo. Ban so na faɗi wannan ba, amma ya fita.

Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗagawa, shi ya sa tata ta fi zafi. Ta ce, "Baban Auta, kofi nawa ka fasa min a watan nan? Kana cewa sabulu ne. Ni na yi shiru don ina jin nauyinka. Shi bai yi shiru ba don gilashi ba kofi ba ne." Ta ɗau ƙullinta ta fita.

To. Kowa ya sani ashe, ni kaɗai nake ɓoye wa bango. Mata da aboki, bakinsu ɗaya. Na zauna a ruwa har ya huce, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Laraba, 24 ga Satumba

An gama otal ba da ni ba. Manaja yana ta nuna hotuna a waya, gaban ginin sai ƙyalli yake. Ni na yanka ƙananan gilasan gefe, ba wanda ya nuna waɗannan.

Dogo ya sauko daga mota yana dafe da ƙugu. Ƙaton nan ba ya jira, fizga yake, shi kuma na ƙasa shi ke shan fizgar. Da ni ne da na gaya masa ya sassauta a kwana, ya bar na ƙasa ya sami wurin taka ƙafa. Ba ruwana. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ya tsaya a bakin teburina kamar zai yi magana. Na ja tef ina awon gilashin da na riga na auna.

Asabar, 27 ga Satumba



Ruwa ya tafasa. Tun rigimar gishiri ba na bari Maman Auta ta ɗaukar min ruwa, na ce zan yi abina. Na juye a bokitin ƙarfe, ban surka ba tukuna, na fito ta ƙofar kicin. Ita tana ƙasan matakala tana kwashe shanya, ta ba ni baya. Ina sama, tana ƙasa.

Ban ji ya saki ba. Wannan ne abin da ya hana ni zama. Ba zamewa ya yi ba, ba santsi, ba sabulu, ba safa. Ina riƙe da bokiti, sai kawai na ji ƙararsa a matakala. Na dubi hannuna yana buɗe, kamar hannun wani.

Ruwan ya same ta a ƙafar hagu, daga idon sawu zuwa ƙasa. Da ta ƙara taku ɗaya baya, da a gadon bayanta zai sauka. Ta yi ƙara sau ɗaya ta zauna a ƙasa. Na kinkime ta zuwa famfo da hannun hagu na sakar mata ruwan sanyi, maƙwabcinmu direba ya kai mu asibiti. Sun wanke, sun naɗe, sun ce fatar sama ce, za ta warke, tabo dai ba makawa.

Muka kamo hanyar gida a mota. Hannun nawa ta kama, na daman, ta riƙe a cinyarta har gida. Rabin riƙon ne kawai na ji.

Lahadi, 28 ga Satumba

Bokiti ne wannan, na ruwa. Ina ta tuna girman gilasan otal, da wanda ke tsayawa a ƙasa.

Talata, 30 ga Satumba

Mun koma a sake naɗe ƙafar. Tana kan gado ana warware bandeji ta ce wa likita, "Likita, ga wanda ya fi ni buƙatarka can a tsaye." A gaban ma'aikaciyar jinya. Matar nan ba ta bar min ko ƙyallen rufin asiri ba.

Ya sa na matse masa yatsu, ya tsira min wani abu mai tsini a wurare, ya lanƙwasa gwiwar hannun. Ya ce alamu sun nuna jijiya ce ta matsu, za su yi gwaji su gane ko a gwiwar hannu ne ko a wuya. Na ba shi labarin gishiri, ina jiran ya yi min dariya. Bai yi ba. Ya ce in ci gaba, ruwan ɗumi yana sassauta tsokar da ta gaji, yana rage ciwon jiki, yana sa barci. Amma ya ce in riƙa gwada zafin ruwan da hannun hagu, don na daman ba zai gaya min gaskiya ba. Ya ce, "Baba, duronka ya yi maka aikin tsoka. Wannan ba aikinsa ba ne." Kusan abin da wani ya faɗa kenan, ba tare da farar riga ba.

Ya tambayi tun yaushe. Da na faɗa sai ya girgiza kai, ya ce gara da aka sauke ni daga ɗaukar kaya, kuma da na ƙara jinkiri da gyaran zai yi wuya. Ya ce wa ya sa aka sauke ni? Na ce wani ne a wurin aiki.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Doka doka ce. Abin da aka faɗa a duro a duro yake zama, shi ya kafa ta ma, ba ni ba. Ya karya. Wannan ba ya goguwa don bokiti ya faɗi. Ai da sai ya zo gidana ranar Lahadi, washegarin ranar da na gaya masa, ya sake yi min magana, ya zage ni, ya ce ba zai hau da ni ba. Bai yi ba, ya bi ta bayana. Har yanzu in na tuna fuskar Manaja yana ƙirga min yatsuna, sai raina ya sake ɓaci.

Sai dai na san kaina. Da ya zo Lahadin, da dariyar zan sake yi.

Matarsa ta zo duba ƙafar Maman Auta. Na ji su ta taga. Wai ranar da ya je wurin Manaja bai iya cin abinci ba, kuma har yau in Asabar ta yi sai ya ɗau tawul ya rataya a kafaɗa, ya zauna a tsakar gida. Ban tambaya ba. Su suka ɗaga murya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na ɗauke bulon, na tayar da rabin duron nan. Tsatsa ce ta fara cin bakinsa, kuma asara ce a bar ƙarfe mai kyau ya lalace. Na wanke shi da hannun hagu. Robar gefe ɗaya ta ɓalle, na sa sabuwa.

Maman Auta tana zaune a kujera da ƙafa a kan matashi tana ba da umarni. Ita ta ce a cika babbar tukunya, ba ni ba. Ruwa ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ƙofar waje kuma ban sa sakata ba, sakatar tana da tauri, likita ya ce kada in takura hannun.

Ina tsaye a kicin ina kallon bokiti cike, ina tunanin yadda zan sauka da shi, sai na ji takun da na sani. Ya zagayo ta baya, tawul a kafaɗa, yana tafiya a karkace kamar tsohuwar ƙofa. Ya gaida ta, ya yi mata sannu da ƙafa. Ni bai gaishe ni ba, ni ma ban gaishe shi ba. Ya dubi duro biyu a jere. Ya zo ya tsaya a ƙasan matakala, wurinsa, ya ɗago kai. Na kama hannun bokitin.

Ya ce, "Gajere, ka riƙe?"

Tunda muke ban taɓa ba shi wata amsa ba sai ɗaya. Na daɗe ina kallon hannuna.

Na ce, "Ban riƙe ba. Hau ka ɗauka."

Ya hau ya ɗauka.

Ba mu tayar da maganar ba a cikin ruwa. Ya ce nawa ya fi nasa zafi, na ce ƙarya yake. Ban yafe masa ba, kada ma a ce na yafe. Gishirin dai na zuba masa fiye da nawa, don bayan nasa ya fi nawa lalacewa.